FILIN MATA: "Set", Ƙaramar Kalma Mai Kaya Niƙi-Niƙi

Makon nan za mu ɗan jingine zancen tukunya da na allura, mu taɓa Turanci kaɗan. Kada wadda ba ta yi nisa cikin boko ba ta ce wannan ba nata ba ne ta juya shafi, gama abin da za mu faɗi ya shafi uwargida kamar yadda ya shafi 'yar makaranta. Kalma ɗaya tak za mu ɗauka, mai baƙaƙe uku, watau "set". In kin gan ta a takarda sai ki raina ta. Amma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma maganar nan ta dace ƙwarai da irin waɗannan ƙananan kalmomi na Turanci.

Yarinya ta kan kwana tana haddace dogayen kalmomi masu karya harshe, tana tsammani su ne za su kayar da ita ran jarrabawa. Alhali doguwar kalma galibi ma'anarta ɗaya ce ko biyu, in kin san ta kin san ta ke nan. Gajeruwar ita ce mai rikiɗa kamar hawainiya. Ran da malama ta fara koya wa yara "set", ta ce musu ma'anarta "ajiye", sai su rubuta cikin littafi su rufe, su ɗauka an gama. Sa'an nan wata rana yarinya ta gamu da "The sun has set", ta zauna tana tunani, shin rana me ta ajiye, a ina kuma ta ajiye shi? Nan kuwa abin da a ke nufi, rana ta faɗi.

MU FARA DA NAMU

Kafin ki ce Turawa sun cika rikici, dubi harshenki na gado. Ɗauki kalmar "ci". Kin ci tuwo, wannan kowa ya gane. To, kasuwa fa da a ke cewa tana ci, me ta ke ci? Wane ya ci sarauta, wance ta ci jarrabawa, an ci shi tara, ta ci bashi, ya ci amana, an ci mutuncinta, riga ta ci kuɗi, wuƙa ba ta ci, amarya ta ci ado. Ɗauki "sha" kuma: mun sha ruwa, mun sha iska, mun sha wahala, mun sha faɗa miki, an sha kansa. Ko ɗauki "sa": an sa rana, an sa wuta, ta sa zane, ya sa hannu, sun sa mata ido, dattawa sun sa baki, iyaye sun sa albarka. Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya karanta miki waɗannan ɗaya bayan ɗaya, amma ba ki taɓa ruɗewa ba. Me ya sa? Domin ba kya jin kalmar ita kaɗai, kina jinta ne tare da maƙwabtanta.

Baturen da ya zo koyon Hausa irin wahalar da ya ke sha ke nan a kan "ci" da "sha". Mai shakka ta buɗe babban ƙamus ɗin Hausa na Bargery, wanda a ka buga a 1934, ta ga yadda bayanin "ci" ya miƙe. Kowane harshe yana da waɗansu 'yan ƙananan kalmomi waɗanda ya ke ɗora wa kaya kamar jakin fatake. A Turanci "set" tana cikin na gaba-gaba.

ASALINTA

Akwai mabuɗi guda wanda in kin riƙe shi rabin wahalar ta kau. Kin san "sit", watau zauna. To, "set" 'yar'uwarta ce, ciki ɗaya. A tsohon Turanci, shekara fiye da 1,000 da suka wuce, akwai "sittan", zauna, akwai kuma "settan", sa wani abu ya zauna. Daidai da yadda mu ke da "zauna" da "zaunar da". Saboda haka ainihin ma'anar "set" ita ce zaunar da abu a inda ya kamata ya zauna, ya tsaya nan bai motsa ba. Mafi yawan sauran ma'anonin daga wannan tushe suka yi rassa. Bari mu zaga cikin gida ki gani da idonki.

In an ce "set the table", ana nufin ki shirya tebur don cin abinci, ki zaunar da faranti da cokali da kofi kowanne a wurinsa. In an ce "set the clock", ki daidaita agogo, ki zaunar da hannunsa bisa lokacin da ya ke daidai. In yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye, aka ce likita zai "set the bone", ɗori ke nan, a mai da ƙashi mazauninsa. Mai kiwon kaji in ta "set a hen", ta zuba wa kaza ƙwai ke nan ta kwanta a kai. Mai fama da ɓera ta kan "set a trap", watau ta ɗana tarko. Mai gyaran gashi ta kan "set the hair", ta naɗe shi ta bar shi ya bushe ya zauna yadda a ke so. In dangin ango da na amarya suka taru suka "set the date", abin nan ne da mu ke cewa an sa rana. Kin ga nan Hausa da Turanci sun yi kiciɓis, domin mu ma "sa" mu ke cewa. Haka nan "set fire to", sa wuta ko cinna wuta. Uwa kuma in ta "set a good example", ta kafa wa 'ya'yanta kyakkyawan misali ke nan.

Akwai kuma inda ba wani ne ya ke zaunar da abin ba, shi da kansa ya ke zama. Littafin girki na Turanci ya kan ce a dama abu kaza, sa'an nan "leave it to set". Nufinsa a bar shi ya huce ya yi kauri ya kama jikinsa, kamar yadda kindirmo ya ke yi in ya kwana, ko manja in ya yi barci da sanyin hunturu. Wadda ba ta san wannan ba sai ta yi ta juya abin da cokali, ko ta kai wa baƙi shi yana ruwa tsululu, ta yi hasarar madara da sukari da ƙwai. Magina ma haka su ke faɗi game da siminti: in an yi daɓe a hana yara takawa sai ya "set", watau sai ya kama. Faɗuwar rana ma ta shiga nan. Mu mun ce ta faɗi, su kuwa kamar sun ce ta sauka ta zauna, shi ya sa su ke kiran magariba "sunset".

'YAN RAKIYA

Inda gizo ya ke saƙa shi ne sa'ad da wata 'yar mitsitsiyar kalma ta biyo bayanta. Waɗannan 'yan rakiya, irin su "out" da "off" da "up" da "in" da "aside", su ne ke juya ma'ana gaba ɗaya, kamar yadda ɗan gishiri ya ke juya miya.

"Set out" ko "set off" shi ne kama hanya. "We set out at dawn", mun kama hanya da asuba. Amma in takardar jarrabawa ta ce "set out your work clearly", ba tafiya a ke so ki yi ba, ki tsara aikinki ne dalla-dalla yadda mai dubawa zai gane. "Set up" kafawa ne, kamar mace ta kafa 'yar sana'a ko mata su kafa ƙungiya. Amma in mutum ya yi kuka ya ce "They set me up", cewa ya ke yi an yi masa gadar zare. "The rains have set in", damina ta kankama, ko kuwa yadda mu kan ce, damina ta zauna. "Set about" fara aiki ne gadan-gadan. "Set upon" far wa mutum ne da duka ko da cizo. "Set free" saki ne ko 'yantawa. "Setback" kuwa cikas ne mai jawo koma baya.

Ki lura da "set aside" musamman. A littafin girki ma'anarta ki ajiye abu gefe guda za ki komo kansa. A zancen kuɗi, ki ware wani abu don gobe. Amma a bakin alƙali nauyinta dabam ne. In babbar kotu ta ce ta "set aside" hukuncin ƙaramar kotu, ta soke shi ke nan, ya tashi daga aiki. In kuwa takarda ta ce an "set down" shari'a "for hearing" ran kaza, an sa ranar sauraro ke nan, lalle a je. Yanzu a ce wata gwauruwa tana shari'ar gado ko ta fili, aka kawo mata takarda, ɗiyarta ta karanta mata da ɗan sanin da ta ke da shi, ta ce, "Inna, sun ce an ajiye maganar." Sai su kwanta su yi barci, ranar shari'a ta zo ta wuce ba su je ba. Kin ga kalma mai baƙaƙe uku ta jawo abin da sai an sha wuya kafin a gyara. Takardar kotu, da ta asibiti, da ta banki, in ba ki tabbata ba ki kai wa wanda ya san aikin ya fassara miki. Wannan ba abin kunya ba ne.

Ga wani misali na kusa. Wayar hannun nan da ke cikin jakarki, Turawa su kan ce mata "handset". Cikinta akwai wurin da aka rubuta "settings", watau inda a ke daidaita ƙara da haske da sauransu. Can ciki kuma akwai "reset", ma'ana a sake zaunar da abu daga farko. In kin ga "factory reset", ki janye yatsanki tukuna. Nufinsa a mai da waya yadda ta fito daga masana'anta, ya kan share hotuna da saƙonni da duk abin da ki ka tara a cikinta. Hoton biki da na suna sai su tafi cikin ƙiftawar ido.

SETI NA KAYA

Duk abin da muka faɗi a sama aiki ne, abin da a ke yi. Amma "set" ta kan zama sunan abu kuma, a nan ne ma ta shigo Hausa ta yi kaka-gida. Wace ce cikinmu ba ta san setin akwati na lefe ba, ko setin kujeru, ko setin kwanuka na jere, ko setin gwal, sarƙa da 'yan kunne da zobe? Seti a nan shi ne tarin abubuwa waɗanda su ke tafiya tare, in ɗaya ya ɓace sauran sun yi gibi. Masana harshe sun ce wannan ma'ana tana da wani tushe na biyu, ta biyo ta tsohon Faransanci daga wata kalmar Latin mai nufin ƙungiyar mutane masu bin hanya ɗaya. Watau koguna biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya.

Daga nan ne a ka sami "tea set", butar shayi da kofunanta. Akwatin rediyo "radio set" ne, na talabijin "television set", domin kowannensu tarin 'yan ƙananan kaya ne aka harhaɗa suna aiki tare. Ɗan akwatin ƙarfen nan da a ke sa ki saya wa yarinya, mai rula da kamfas a ciki, "mathematical set" ne. Cikin darasin lissafi kuma akwai babi guda mai suna "sets", inda a ke koyon tara abubuwa gida-gida bisa ga kamanninsu. A wasan tanis "set" yanki ne na wasa, galibi wanda ya fara cin wasa 6 da ratar 2 shi ya ɗauke shi. A babbar gasar Wimbildon ta Landan, mata su kan buga har seti 3, maza har 5.

Mu nan in mace ta ce wance 'yar setinmu ce, tana nufin shekara ɗaya suka shiga makaranta ko suka gama. A makarantun Ingila kuwa in an ce yarinya tana "top set" a lissafi, ana nufin an sa ta rukunin waɗanda suka fi ƙoƙari a wannan darasi. Ki riƙe bambancin don wata rana.

Har wa yau ta kan zama siffa. "Set books" su ne littattafan da hukumar jarrabawa ta ƙayyade a karanta, kamar waɗanda WAEC, hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma da a ka kafa a 1952, ta kan zaɓa wa masu darasin adabi. "Set price" farashi ne yankakke, babu tayi. In an ce tsoho "is set in his ways", ice ne ya bushe, ba ya tanƙwaruwa. In kuwa direba ya waiwayo ya ce "All set?", tambaya ya ke yi ko kowa ya shirya.

ABU BIYU GA 'YAN MAKARANTA

Na farko, "set" ba ta sake riga don jiya ko don yau. "I set the table every day." "I set the table yesterday." "I have set the table." Duk ɗaya ne. Kada ki kuskura ki rubuta "setted", babu wannan kalma, mai duba takarda zai ja miki jan layi. Haka 'yan'uwanta su ke, "put" da "cut" da "shut" da "let". In za ki ƙara mata "ing" kuwa sai ki ninka baƙin ƙarshe, ki rubuta "setting".

Na biyu, kada ki gama "set" da "sit" da "seat" da "sat" a tukunya ɗaya, ko da ya ke a kunnen Bahaushiya sun yi kama. "Sit" zama ne, jiyansa "sat". "Seat" wurin zama ne. Ga wata dabara ta tunawa: malama ita ke "set" jarrabawa, ke kuwa ki "sit" jarrabawar. Ita ta shirya tambayoyi, ke kika zauna kika amsa.

WAƊANDA SUKA ƘIRGA

Watakila ki ce, to, duka-duka ma'anonin nan nawa ne? An ƙirga. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a birnin Landan ta kawo shawara a yi wani babban ƙamus wanda zai tara kowace kalma ta Turanci da tarihinta. A 1879 a ka ba wani malamin makaranta, James Murray, shugabancin aikin. Kashin farko ya fito a 1884, amma ba a gama ba sai 1928, shekara 71 bayan shawarar farko. Murray kansa bai ga ƙarshensa ba, ya rasu a 1915. Shi ne ƙamus ɗin da a ke kira na Oksfod. A bugu na biyu, na 1989, mai juzu'i 20, bayanin "set" ta wajen aiki kaɗai ya ƙunshi ma'ana 430, cikin kalmomi wajen 60,000. Tsawon wani littafin hira ke nan sukutum, a kan kalma ɗaya. Ita ce ta fi kowace kalma tsawon bayani cikin wannan bugu. Daga baya da a ka shiga sabunta ƙamus ɗin, waɗansu suka sha gabanta, har a 2011 a ka gama sabon bayanin "run" aka sami ma'ana 645.

Yadda suka yi aikin abin sha'awa ne. An roƙi jama'a masu karatu ko'ina su riƙa kwafo jimlolin da suka gamu da su cikin littattafai, kowace jimla a 'yar takarda guda, su aiko ta gidan waya. Miliyoyin 'yan takardu suka taru. Murray ya gina wata rumfar kwano a bayan gidansa inda a ke jera su cikin 'yan ramuka na katako. 'Ya'yansa 11 su ne masu taya shi warewa bi da bi, yana ba su 'yan kwabbai. Sai an tara jimlolin kalma an baza su bisa tebur, sa'an nan a dubi yadda mutane suka yi aiki da ita, a raba ma'anoni.

Mata kuwa sun yi rawar gani cikin wannan aiki. Waɗansu 'yan'uwa biyu mata, Edith da Elizabeth Thompson, sun aiko da jimla 15,000 don baƙaƙen A da B kaɗai, suka kuma yi shekaru suna taya duba gyara. 'Yar Murray mai suna Rosfrith, da Eleanor, 'yar Henry Bradley, editan da kalmar "set" ta faɗo cikin rabonsa, sun yi shekaru masu yawa suna aiki cikin ofishin ƙamus ɗin. Amma da a ka yi babbar liyafar gamawa a Landan cikin watan Yuni na 1928, maza zalla suka zauna cin abinci, matan kuwa sai daga bene a ka bar waɗansunsu su yi kallo. Allah Sarki! Ko a can ma haka a ka yi da su. Duk da haka aikinsu yana nan cikin littafin har yau, duk mai buɗe shi yana cin guminsu.

ABIN YI

Ke 'yar makaranta, hanyar da manyan malaman nan suka bi ita ce za ki bi. In kin gamu da "set", ko "get", ko "put", ko "run", kada ki tsaya a kanta. Karanta jimlar har ƙarshe tukuna. Sa'an nan ki tambayi kanki, nan aiki ce ko sunan abu? In "a" ko "the" na gabanta, galibi suna ce ko siffa. Sa'an nan ki dubi abin da ke biye da ita, ko akwai ɗan rakiya. In kin buɗe ƙamus kada ki ɗauki ma'ana ta 1 ki rufe, bi su har ƙasa sai kin sami wadda ta shiga jimlarki daidai, kamar murfi da kwanonsa. Ki kuma keɓe ɗan littafi guda, duk ran da kika ga "set" cikin sabuwar riga ki kwafe jimlar ɗungum, ki rubuta Hausarta a ƙasa. Kafin hutun ƙarshen shekara za ki ga kin tara 30 ko fiye, kuma ba za su ɓace miki ba.

Ke kuma uwargida, in ɗiyarki ta yi tuntuɓe wajen fassara miki takarda, kada ki ce, "Ashe bokon naki na banza ne." Irin maganar nan ita ke kashe wa yarinya zuciya, har ta riƙa ƙaga amsa don gudun gori, maimakon ta ce, "Inna, wannan ban gane ba, bari in tambayo Malama." Yarinyar da ta iya faɗin haka ita ce abin dogara, gama matambayi ba ya ɓata. Kuma kada maigida ya ji kina kushe karatunta, ya sami hujjar cire ta. Ko ba kya jin Turanci kina iya taimakonta. Da dare bayan an ci tuwo ki ce ta kawo miki ma'anar "ci" guda 10, ke ki ƙara mata 10, sa'an nan ita kuma ta kawo miki na "set" da Hausarsu. Ita ta ƙaru, ke ma kin ƙaru, ƙannenta da ke gefe suna saurare su ma sun tsinci rabonsu.

Wadda ta gamu da wata "set" da ba mu ambata ba, ta rubuto mana jimlar yadda ta gan ta, mu warware ta tare a wannan fili. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma madafa. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.